Wa Ke Lanƙwasawa, Wa Ake Lanƙwasa? Darasin Turanci Daga Khartum da Omdurman

Giram ɗaya na zinariya, abin da bai kai ƙwayar masara girma ba, ana iya bugunsa da guduma har ya baje ya zama falle mai faɗin kusan murabba'in mita guda. Wannan giram ɗin dai, idan aka bi da shi ta ƙananan ramuka ana ja, yakan zama siririyar waya mai tsawon sama da kilomita 2. Maƙeran fari na layin 'yan zinariya a tsohuwar kasuwar Omdurman, waɗanda suka gaji ƙera wa amaren Sudan awarwaro da sarƙa da 'yan kunne, ba sa haɗa waɗannan ayyuka biyu. Bugu da kayan aikinsa, ja ma da nasa.

Turanci ma bai haɗa su ba. Ƙarfen da ke bajewa a ƙarƙashin guduma bai tsage ba shi ne "malleable", kalmar da ta samo tushe daga sunan guduma a harshen Latin. Wanda ake ja ya miƙe ya zama waya kuwa "ductile" ake ce masa. Zinariya ta haɗa halayen biyu, amma ba kowane ƙarfe ya yi wannan sa'a ba. Dalma tana bajewa da ɗan bugu kaɗan, sai dai da an matsa mata da ja sai ta tsinke. Jan ƙarfe yana jure ja, shi ya sa ya cika wayoyin lantarki, shi ya sa kuma mutanen Khartum da suka koma gidajensu bayan sojoji sun ƙwato birnin a watan Maris na 2025 suka tarar an farfasa bango an zare wayoyi, an tone manyan igiyoyin wuta daga ƙasa an yi gaba da su.

A ɗan gusa zuwa layin dukawa, inda ake ɗinka markubu, takalmin fatar da dattijan Sudan ke sawa da farar jallabiya. Fatar da aka jeme da 'ya'yan bagaruwa, kamar yadda majeman Kano da Sakkwato ke yi, tana bin hannu duk inda ya naɗa ta. Wannan ita ce "pliable", daga kalmar Faransanci ta ninkewa. In ta sha mai ta yi taushi, tana motsi tare da ƙafa ba ta tsagewa, sai a ce "supple", kalmar da ake yaba jikin ɗan kokawa da ita. A unguwar Gama'ir da ke bakin Nilu, masu ginin tukwane suna murza yumɓu su fitar da randa. Yumɓu yakan karɓi siffar da aka ba shi ya zauna a kanta, kuma wannan hali ne injiniyoyi ke kira "plastic" tun kafin ledoji da robobi su zo su ƙwace sunan. Kishiyarsa "elastic" ne, wato halin danƙon harbin tsuntsu: a ja ya miƙe, a saki ya koma. Robert Hooke ya wallafa ƙa'idar wannan hali a Landan a 1678, kuma duk ɗalibin kimiyya ya san sharaɗinta, cewa akwai iyakar da in an wuce ta, komawa ta ƙare. Ragowar biyun su ne "flexible", abin da ke lanƙwasa bai karye ba, da "resilient", wanda aka danne ko aka doka ya sake miƙewa.

Kalmomi takwas ke nan, kuma tambayoyi uku ne ke raba su. Abin da kansa ya lanƙwasa ko hannun wani ne ya lanƙwasa shi? In an sake shi yana komawa yadda yake, ko ya zauna a sabuwar siffa? Ina kuma iyakarsa kafin ya karye?

Da a maƙera da majema kalmomin suka tsaya, da sai a bar wa malaman kimiyya su. Amma Turanci yakan ɗauko su ya jingina wa mutane da gwamnatoci, kuma a nan ne wasu suke zama kirari wasu su zama zagi. A ce mai sasanta rikici "flexible" ne, an yabe shi: yana da inda ya tsaya, amma ya san lokacin da zai ɗan rusuna. A ce alƙali ko majalisa "pliable" ce, an gama da mutuncinta, don ma'anar ita ce akwai mai juya ta. A ce zukatan yara "malleable" ne, an faɗi abin da Bahaushe ya sani tun da daɗewa, cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma an bar tambayar wanda ke riƙe da guduma. A ce wa'adin zaɓe "elastic" ne, habaici ake yi. Mai karanta labarin Sudan da Turanci, ko mai fassara shi ga masu sauraren rediyo a Zariya da Maraɗi, in bai ji waɗannan bambance-bambance ba, zai riƙa ɗaukar zagi a matsayin yabo, ya ɗauki umarni a matsayin shawara.

Makaranta ba ta taimaka sosai ba. A jarrabawar Turanci ta JAMB da ta WAEC akwai tambayoyin da ake cewa ɗalibi ya zaɓi kalmar da ta fi kusa da wata a ma'ana. Dabarar cin su ita ce haddace jerin kalmomi masu kama da juna, kuma wanda ya tashi da wannan hadda yakan fita da tunanin cewa kowacce na iya zama a gurbin 'yar'uwarta. Wajen fassara kuma sai hanya ta ƙara ƙuncewa. A Larabcin jaridu, kalmar "muruna" ita kaɗai takan ɗauki kayan uku ko huɗu daga cikin takwas ɗin nan. A Hausar labarai kuwa "sassauci" ce jakar da ake zuba komai.

Wannan ba talaucin harshe ba ne, gaggawar aiki ce. Larabci yana da lafuzza daban na abin da ke karɓar bugu da abin da ke karɓar ja, suna nan a littattafan kimiyya na sakandare. Hausa kuwa tana da taushi da laushi da danƙo da tanƙwaruwa da sarrafuwa da juriya da sauƙin kai, ga kuma raƙumi da akala, ga ɗan amshin Shata. Babu Bahaushen da zai ji an ce masa mai sauƙin kai ya fusata, babu kuma wanda zai ji an ce masa raƙumi da akala ya yi godiya.

Tarihin Khartum da Omdurman cike yake da mutanen da suka yi kuskuren wannan lissafi, kuma Turawan mulki ne suka fara. Bayan yaƙin Karari na 2 ga Satumba 1898, kwamandan Turawa Kitchener ya nemi jama'ar Birtaniya su tara kuɗi a gina makaranta don tunawa da Janar Gordon. An buɗe Kwalejin Gordon a Khartum a 1902. James Currie, wanda ya shugabance ta kuma ya riƙe sashen ilimi, bai ɓoye manufarsa ba: a samar da masu sana'ar hannu, da 'yan ƙalilan da za su cika ƙananan guraben aikin gwamnati. Akawu ake so, da tafinta, da malamin firamare. Irin wannan tunani ne ya haifi Kwalejin Katsina a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Masu ginin sun ɗauka yaran za su karɓi siffar da aka ba su su zauna a kanta. A 1924 sai ga ƙungiyar Farar Tuta ƙarƙashin Ali Abdullatif, wanda ya bi ta hannun makarantun Turawan, tana zanga-zanga a titunan Khartum, ɗaliban makarantar soja suka fito maci, daga bisani wasu sojojin Sudan suka yi bore. Gwamnati ta rufe makarantar sojan, ta juya baya ga 'yan boko, ta koma dogara da shugabannin ƙabilu irin yadda Lugard ya tsara a Arewacin Najeriya. Duk da haka, a 1938 tsofaffin ɗalibai suka kafa Babban Taron Masu Ilimi a Omdurman, da Isma'il al-Azhari, malamin lissafi a Kwalejin Gordon, a matsayin sakatare. A 1942 suka miƙa takardar neman 'yancin zaɓar makomar ƙasarsu, babban jami'in Turawan mulki Douglas Newbold ya yi fatali da ita. Ranar 1 ga Janairu 1956, al-Azharin nan ne ya ɗaga tutar Sudan yana firaminista. Yaran sun koyi Turanci, sun sa kwat, sun iya rubuta wasiƙar ofis, amma sun yi amfani da duk wannan wajen korar malamansu.

Wanda ya fi kowa rikita masu lissafi shi ne Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadin Sudan. An haife shi a Omdurman a 1885, bayan rasuwar mahaifinsa. A 1899, a ƙauyen Shukkaba, sojojin gwamnati suka kashe 'yan'uwansa biyu, shi kuma ya tsira da rauni yana yaro. Ya tashi ana sa masa ido. A 1919 ya bi tawagar manyan Sudan zuwa Landan, ya miƙa wa Sarki George na Biyar takobin mahaifinsa alamar mubaya'a, sarkin ya mayar masa. A 1926 Turawa suka ba shi lambar girmamawa. Abokan hamayyarsa, masu son haɗewa da Masar, sun daɗe suna kallonsa a matsayin ɗan koren Ingila.

Amma a duba abin da ya yi da wannan rusunawa. Ya mayar da tsibirin Aba gonar auduga, mabiyansa daga yammacin Sudan da 'yan asalin Afirka ta Yamma suka yi masa noma, ya tara dukiyar da ya sake haɗa kan Ansar, mabiyan mahaifinsa, da ita. Turawa sun tsorata da tasirinsa har a ƙasar Hausa: a 1923 suka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, jagoran Mahadiyya a Arewacin Najeriya wanda ke musayar wasiƙu da shi, suka kai shi gudun hijira Buea a Kamaru. A 1945 aka kafa jam'iyyar Umma a ƙarƙashin inuwarsa, da kiran Sudan ta 'yan Sudan. A 1947 ya sake gina ƙubbar mahaifinsa a Omdurman, wadda igwar Kitchener ta farfasa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana sunkuyar da kai ya ƙare a daidai inda ya nufa tun farko. Marubucin Turanci da ya kira shi "pliable" ya kasa karanta shi. "Flexible" ce ta dace, domin shi ya zaɓi lokacin lanƙwasawa, shi ya zaɓi lokacin miƙewa.

Ja'afar Numeiri, wani ɗan Omdurman, akasin haka ne. Ya ƙwace mulki a watan Mayu na 1969 tare da 'yan gurguzu. A 1971, bayan yunƙurin kifar da shi, ya rataye shugabansu Abdulkhaliƙ Mahjub. A 1972 ya sa hannu a yarjejeniyar Addis Ababa ya zama gwarzon zaman lafiya da Kudu. A 1977 ya sasanta da 'yan adawa Sadiƙ al-Mahadi da Hasan al-Turabi. A 1983 ya warware yarjejeniyar da ya yi da Kudu, ya ƙaddamar da dokokin shari'a na Satumba. Kowace siffa ya shiga bai komo ta baya ba, kuma babu wata manufa guda da za a ce yana kewayawa ne don ya cim mata, in ban da kujera. Da jama'a suka fito a watan Afrilu na 1985, ba sauran wanda zai tare masa faɗa. Masu kallon nesa sun sha yaba masa iya canza sheƙa, amma canza sheƙa ba tare da wurin komawa ba wani abu ne daban da abin da Sayyid Abdurrahman ya yi.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne na baya-bayan nan. Bayan faɗuwar Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilu 2019 da kisan masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja ranar 3 ga Yuni, sojoji da farar hula suka sa hannu a takardar tsarin mulki a watan Agusta. An tsara riƙon ƙwarya na wata 39: soja ya shugabanci majalisar ƙoli wata 21, farar hula ya karɓa wata 18. Yarjejeniyar Juba ta Oktoba 2020 ta ba da kafar sake ƙirga wa'adin daga farko. Da lokacin miƙa shugabanci ya ƙarato, Janar Abdulfattah al-Burhan da mataimakinsa Muhammad Hamdan Dagalo, wato Hemeti, suka yi juyin mulki ranar 25 ga Oktoba 2021, aka kuma yi alkawarin zaɓe a watan Yuli na 2023. Wa'adin da ake ja yana miƙewa duk lokacin da mai bindiga ya so, shi ne ainihin abin da Turanci ke nufi in ya ce wa jadawali "elastic".

Ranar 21 ga Nuwamba 2021 aka fito da Firaminista Abdallah Hamdok daga ɗaurin talala ya sa hannu a wata yarjejeniya da al-Burhan a fadar shugaban ƙasa. Ƙasashen waje da dama suka yi maraba. A wannan rana aka harbe wani matashi mai zanga-zanga a Omdurman. Kwamitocin gwagwarmaya na unguwanni suka tsaya a kan "a'a" uku: ba tattaunawa, ba haɗin gwiwa, ba halasta mulkin soja. Ranar 2 ga Janairu 2022 Hamdok ya ajiye aiki. Daga nan wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya Volker Perthes, tare da Tarayyar Afirka da IGAD, da kuma Amurka da Birtaniya da Saudiyya da Daular Larabawa, suka shiga zawarcin ɓangarori, ana ta kira ga kowa ya sassauta. Masu zanga-zanga fiye da 100 ne suka mutu bayan juyin mulkin, bisa ƙididdigar kwamitin likitocin Sudan.

A baki, kiran na kowa da kowa ne. A aikace, nauyinsa a kan marasa bindiga ya sauka. Su aka nema su haƙura da batun hukunta waɗanda suka kashe 'ya'yansu, su zauna da waɗanda suka karya alkawarin farko. Abin da aka kira da sunan yabo, a zahiri neman bin hannu ne. 'Yan kwamitocin unguwa kuwa aka riƙa kwatanta su da masu taurin kai marasa sanin siyasa.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya gefen, kuma bai kamata a raina ta ba. Babu sulhun da ake yi ba tare da kowa ya bar wani abu ba. Yarjejeniyar Naivasha ta 2005, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Kudu na sama da shekara 20, ba ta samu ba sai da John Garang na Kudu da Ali Usman Taha na gwamnati suka sauko daga inda kowannensu ya fara. Ana iya cewa ƙin zama teburi ya bar fili ga masu kaki. Amma wannan hujjar ma tana buƙatar a tantance kalma. A Naivasha ɓangarori biyu ne masu ƙarfi, kowanne ya bayar ya karɓa. A Khartum ta 2022, yarjejeniyar share fage ta 5 ga Disamba ta ɗage batutuwa masu zafi zuwa gaba, kuma da aka zo kan shigar da dakarun RSF na Hemeti cikin rundunar soja, sojoji suka ce shekara 2, su Hemeti suka ce shekara 10. Waɗanda ba su taɓa sassautawa ba su ne masu makamai, kuma ranar 15 ga Afrilu 2023 suka buɗe wa juna wuta a tsakiyar birni. Da an yi tambayar wa ke lanƙwasawa da wa ake lanƙwasa tun a 2021, da an ga inda taurin yake.

Yaƙin ya fito da wata kalmar a gaba. Da hukumomi suka watse, matasan unguwanni suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, suka farfaɗo da takaya, wato gidajen ciyarwa irin na zawiyoyin sufaye, inda ake dafa wake da adas a manyan tukwane a Omdurman da Bahri da Khartum. 'Yan Sudan mazauna ƙetare suna turo kuɗi ta manhajar Bankak, mata suna girki, samari suna ɗauko ruwa ana ruwan harsashi. A 2025 waɗannan ɗakuna suka sami lambar yabo ta Right Livelihood. Rahotannin Turanci ba su gaji da kiran mutanen nan "resilient" ba, kuma sun cancanta.

Sai dai kalmar tana ɗauke da alkawarin da ba a faɗi ba, cewa abin zai koma yadda yake da kansa. Wanda aka ce zai tashi da kansa, ba a gaggawar miƙa masa hannu. A 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum sama da miliyan 30 ke buƙatar agaji a Sudan, ta nemi dala biliyan 4.2. A watan Janairu na shekarar Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare, kuma cikin makonni masu gudanar da takaya suka ce kusan kashi 80 cikin 100 na wuraren girkinsu sun rufe. Yaron da yunwa ta tsumburar da shi yana ɗan shekara biyu ba ya komawa yadda zai kasance, ɗalibin da ya rasa shekara biyu ta karatu ma haka. Hausa a nan ta fi Turanci gaskiya, domin "juriya" ba ta yi wa kowa alkawarin warkewa ba. Tana faɗin cewa mutum yana shan wuya yana daurewa ne kawai.

Hausawan Sudan sun san wannan darasi a jikinsu. Wasu kakanninsu mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka buɗe madatsar Sinnar a 1925, ƙarfinsu na cikin abin da ya ɗaga noman audugar Jazira. Sun koyi Larabci, sun shiga kasuwa da soja da ƙwallo, agashensu ya zama abincin dare na Khartum duka. Duk da haka dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna Sudan tun 31 ga Disamba 1897, sharaɗin da ya bar mutanen Burmi a waje da shekaru kaɗan. Mutane da yawa a Sudan sun ɗauki haƙurinsu a matsayin yarda da kowane matsayi aka ajiye su. A watan Yuli na 2022, bayan neman a ba su sarautar gargajiya tasu a jihar Shuɗin Nilu, rikici ya ɓarke aka kashe mutum sama da 100, Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Kasala da wasu garuruwa. Mutanen da suka yi ƙarni guda suna sajewa da maƙwabta ba su daina sanin ko su wane ne ba.

Tantance irin waɗannan kalmomi shi ne aikin da ke gaban makarantu, a Sudan da ƙasar Hausa baki ɗaya. Sudan ta mayar da karatun sakandare zuwa Larabci daga 1965, gwamnatin al-Bashir ta yi wa jami'o'i haka daga 1990, ko da yake Jami'ar Mata ta Ahfad a Omdurman ta riƙe Turancinta. Tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya dawo da Turanci kusa da Larabci a matsayin harshen aikin gwamnati da na manyan makarantu. An shafe shekaru ana gardamar wane harshe za a koyar da shi, alhali tambayar da ta fi ita ce zurfin da ake kai wa a kowanne. Farfesa Abdullahi al-Tayyib, wanda ya yi digirin digirgir a Landan ya kuma jagoranci Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a tsakiyar shekarun 1960, shaida ne cewa nutso a Larabci ba ya hana ƙwarewa a Turanci. Hanyar da Sheikh Abubakar Gumi ya bi zuwa makarantar Bakht al-Ruda ta Sudan a shekarun 1950 ba ta mutu ba; cikin 'yan Najeriya sama da 2,000 da aka kwaso daga Sudan a 2023, mafi yawa ɗalibai ne, da dama daga Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Khartum. Waɗannan matasa masu harshe uku su ne tafintocin gobe a ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji da gidajen rediyo.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Malamin Turanci a Kano yana iya shiga aji da guntun dalma, da wayar jan ƙarfe, da ƙyallen fata daga majemar Ƙofar Wambai, da curin yumɓu, da danƙo, ya bar ɗalibai su buga, su ja, su naɗa, kafin ya rubuta kalma ko ɗaya a allo. Daga nan ya kawo musu jimlolin jarida na gaske, ya tambaye su wacce ce yabo, wacce ce habaici. Masu tsara jarrabawa su ma suna iya ƙara tambayoyin da ke neman dalilin da ya sa kalma kaza ba za ta zauna a gurbin kaza ba, maimakon tsayawa kan wacce ta fi kusa.

Nauyi mafi girma yana ɗakin labarai. Tun daga sanarwar Jidda ta 11 ga Mayu 2023, takardun sulhun Sudan da Turanci ko Larabci suke fitowa, kuma Hausawa daga Gadarif zuwa Agadas a fassara suke jin su. Idan rahoto ya kira wata majalisa "pliable", mai fassara ya ce 'yar amshin Shata ce, kada ya ce mai sassauci. Idan ya kira mutanen Omdurman "resilient", ya ce suna jurewa, ya kuma faɗi tukwane nawa aka sauke a unguwarsu don rashin kuɗi. Idan kuma masu shiga tsakani suka nemi ɓangarori su nuna "flexibility", edita ya tabbatar labarin ya ambaci abin da aka nemi sojoji su bari, da abin da aka nemi RSF ta bari, da abin da aka nemi farar hula su bari, da ranar da aka sa wa kowannensu.